Yadda Kunun Ayata Ya Fi Na Kowa Araha

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikoki da sunan awaki, da yammacin da na tsaya gaban allo, alli a hannu, ina koya wa matan unguwarmu tattali. Ni da ko a gidan suna muryata ba ta wuce tabarmar da nake zaune a kai, ranar har gyaran murya na yi. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Sana'ata kunun aya. In jiƙa aya, in kai inji, in tace, in ɗura a robobi. Ranar Lahadi in kai bakin kasuwa, inda masu shanu da direbobin da ke tsallakawa Ƙonni ta Nijar suke shan rana, sauran ranaku kuma a saya a gida. Wanda ya san kunun aya ya san halinsa, ba shi da haƙuri ko kaɗan. Ni aka sani da haƙuri a danginmu, amma Allah ya haɗa ni da abin da in rana ta take, sanyi ya sake shi, sai ya yi tsami ya kumbura roba kamar ni na ɓata masa rai. Kunun da awakina suka sha ya fi wanda ’ya’yana suka sha. (Akwai wata akuya da in an miƙa mata ruwan rijiya sai ta kalli mutum tukuna.)

Karatu kuwa da girmana na yi shi. Sai da tagwayena suka shiga sakandare na shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda Malama Saratu ke koyarwa bayan la'asar a firamaren unguwa. A kan bencin yara muke zama, gwiwoyinmu na neman haɗuwa da haɓa. A can na koyi rubuta sunana, na koyi tarawa da ɗebewa, har na iya rabawa, wanda mata da yawa suka bari a hanya. Ranar da Malama ta ce wa aji, “Ku dubi yadda Uwar Biyu ta yi,” sunkuyar da kai na yi kamar yadda na saba. Amma a hanyar gida na tsinci kaina ina raba lambobin motoci da biyu.

Mu da muke sana'ar abin sha a ajin muka haɗa ƙungiya, muka yi ta zubin adashi har ya kai mu sayen firiza mai aiki da sola. Guda ɗaya. Nan fa magana ta tashi: gidan wa za a kai ta? Kowa na so, ga azumi na ƙaratowa, ga zafin Illela da ko inuwa sai an yi mata fifita. A daidai lokacin Malama ta dawo daga wani bita a Sakkwato da sabuwar jaka da sabuwar magana. Ta ce ba za a yi son kai ba, lissafi ne zai raba gardama. Kowace ta gano nawa roba ɗaya ta abin shanta ke ci kafin ta kai bakin mai saye. Wadda nata ya fi araha, shi ƙungiya za ta sa a gaba da azumi, firiza kuma gidanta za ta.

“Abin da sauƙi,” in ji ta. “Ki tara duk abin da kika fitar daga hannunki, ki raba da yawan robobin da kika samu.”

Abin da kika fitar daga hannunki. Na riƙe maganar nan gam, yadda ake riƙe karatun allo.

Mu uku ne masu neman firizar da gaske. Akwai Lanti mai zoɓo, taubashiyata, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma tun muna yara ba ta taɓa ganina ta bar ni na wuce lafiya ba. Akwai Inna Jebbu, Bafulatana daga wajen Garu, mai fura da nono. Sai ni. Kuma in faɗi gaskiya, babu wadda ta kai ni buƙata. Zoɓo yana iya kwana, nono in ya yi tsami wani ma ya fi so, amma ni kullum rabin ribata a cikin cikin akuya take kwana. Na riga na share wa firizar wuri a zuciyata, kusa da ƙofar ɗakin girki, har na ga irin zanen da zan lulluɓe ta da shi.

Sai in ɗan yi bayanin unguwarmu ga wanda bai san ta ba. Katangunmu gajeru ne, an yi su ne daidai yadda mace za ta taka turmi ta ɗaga kwano. In gishirinki ya ƙare, ki taka turmi ki ce, “Sam mani.” Ba a tambaya na mene ne, ba a aunawa, ba a cewa yaushe za a mayar. Wadda ta tambaya ita ce marar kirki. Ni kuma da yake a hankali nake magana, kuma kullum sai na fara da gaisuwa har da tambayar jikin tsofaffi, ban taɓa ɗaga kwano ya sauko haka nan ba. A wurina wannan zumunci ne, ban taɓa kallonsa da idon sana'a ba.

Na zauna da fensir na yi lissafina. Aya, na biya. Kwakwa, na biya. Niƙa, na biya. Robobi, na biya. Na tara, na raba, ya ba ni naira sittin. Na sake, don Malama ta ce mai lissafi ba ya yarda da kansa da wuri. Sittin dai. Abin da nake sayarwa ɗari uku! Na dubi ɗakina ina mamakin inda duk wannan arzikin yake shiga, don ban ga alamarsa a kan gado ko a cikin kwalla ba, amma na ce lamba ba ta ƙarya.

Malam, maigidana, ya leƙo yana shirin fita masallaci. Na nuna masa da ɗan yanga. Ya duba, ya ce, “Ba sukari ciki?”

Na ce, “Sukari ai ba saye nike ba.”

Ya yi shiru, ya dube ni, ya dubi katanga, ya ce, “To, Allah shi ba da sa'a,” ya sa takalmi ya fita. (Shekarun da muka yi tare sun isa in gane wannan shirun. Amma ranar ni mai ilimi ce, ba na karatun fuska, sai na lamba.)

Ranar taro na yi kunu na musamman don a ɗanɗana. Na jera robobi a kula, na wanke ƙyallen da nake tacewa da shi, wani mai laushi da ba ya barin ko ƙwayar tuƙa ta wuce, na jiƙa shi na lulluɓe kular don ta riƙe sanyi. Na sa atamfar da nake zuwa biki da ita. Aji ya cika, har da matan da ba ’yan ƙungiya ba, irin su Hajiya Kulu maƙwabciyata ta ɗaya gefen, wadda mijinta ke fataucin kaya daga Ƙonni. Ita ba ta sayar da komai, ta zo kallo ne, da mafici da kujerarta.

Inna Jebbu ta fara. Ita ba ta taɓa alli ba, ta ce Malama ta rubuta. Ta lissafa gero, ta lissafa dusa da harawar saniya, ta lissafa kanwa, har kuɗin babur daga Garu. Malama ta raba, roba ɗaya ta tashi ɗari biyu da hamsin. Inna Jebbu ta dubi allon ta ce, “Aradu saniyar nan ta fi ni cin riba,” ta koma ta zauna. Aka yi dariya. Ni ma na yi, irin dariyar tausayi ta wadda ta san abin da ke hannunta.

Lanti ta tashi. Zoɓo, citta, kanumfari, abarba, itace, ƙanƙara, robobi, sai sukari tiya biyu a mako. Nata ya tsaya ɗari da ashirin. Mata suka fara yi mata barka, ta juyo ta yi mini gwalo, babbar mace da ita.

Sai aka kira ni. Na tashi a hankali, na karɓi alli, na rubuta kayana huɗu da rubutuna mai kyau, na ja layi, na raba a gaban kowa ba tare da na ƙirga da yatsu ba. Na rubuta sittin, na zagaye shi.



“Mi?” in ji Lanti. “Sittin? Ke Uwar Biyu, kunun aya na, ko ruwan tafkin Kalmalo kika ɗura muna?”

Da na tsaya a nan, da wataƙila na sha da sauƙi. Amma alli yana da wani abu da yake yi wa mutum. Na gyara murya, na juya ga taubashiyata, na ce cikin lallashi, yadda ake yi wa yaro nasiha, “Lanti, ba faɗa ba ne. Sana'a tattali take so. Dubi naki, sukari shi ya cinye ki. Tiya biyu a mako, saboda Allah? Ki rage hannu, ’yar'uwa. Ba kowane zaƙi ne riba ba.”

Har da gyaɗa kai na yi. Wasu mata ma suka gyaɗa tare da ni.

Lanti ta miƙe, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Duk wanda ya san ta ya san in ta yi haka a ba ta hanya.

“Awo, tiya biyu,” ta ce. “Guda ta zoɓo. To gudan fa? Wa ka taka turmi kullum safiya, ta gaishe ni, ta tambayi ƙafar Goggo, ta ɗago kwanon nan mai murfin kaza? Ni ina cewa shayin Malam na! Har ina tausai nai, ina cewa bawan Allah ga zai gamu da ciwon suga!”

Na ce, “Ai wannan zumunci ne, ba saye ba. Malama cewa ta yi abin da ya fita daga hannuna.”

Malama ta cire tabarau ta goge. Ta ce, “Uwar Biyu, sukarin nan yana shiga robar?”

“Yana shiga.”

“To goge shi daga wajen Lanti, ki dawo da shi wajenki.”

Da hannuna na goge, da hannuna na rubuta. Allin da ɗazu yake gudu, yanzu sai kuka yake a kan allo.

Ina cikin haka na ji mafici ya tsaya. Hajiya Kulu ta ce, “Ni dai kallo na zo, ban so in sa baki ba.” (In mace ta fara da haka, to tun daga gida ta sa bakin.) “Amma ƙanƙarar da nike miƙo maki, ba tun zazzaɓin Husaina muka fara ba? Yarinya ta warke, ta yi ƙiba, har ta fi uwarta tsawo, ƙanƙara ba ta daina hawa katanga ba. Ni ko kunya ta hana ni in tambaya ko jikin ya yi sauƙi.”

Mata suka fashe. Wata har da buga benci.

“Sai dabino,” Hajiya ta ci gaba, ta samu fili. “Ranar farko ta ce na buɗa-baki, tana azumin Litinin. Daga nan sai Talata, sai Laraba. Na ce wa Alhaji baiwar Allah ga ba ta aje azumi. Shi ko ya ce in ya tsallaka zai riƙa auno mata na musamman, da kuɗi nai na sefa, ta riƙa sa mu addu'a!”

Wallahi azumin Litinin ina yi. Kuma addu'a ina sa su. Sai dai ban taɓa cewa na Laraba ma na azumi ne ba, kuma ba wanda ya tambaya. Na buɗe baki in yi wannan bayani, na ga ba shi da amfani, na rubuta ƙanƙara, na rubuta dabino. Layin kayana ya fara gangarowa ƙasan allo, har sai na durƙusa.

Na dubi Inna Jebbu, don ita kaɗai ce ba mu haɗa katanga ba. Ta ɗaga hannu biyu. “Ni ba ni da magana, ɗiyata,” ta ce. “Kin ma ba saniyata tuƙar aya, a rubuta maki wannan, kar a ci hakkinki.” Na ji hawayen godiya na neman zubo mini. Sai ta nuna da haɓa. “Kular ga dai, in an ƙare taro, tawa ta. Tun sallar layya nike jiran ki gama da ita.”

A nan ne Malama ta ji tausayina. Ta buga tebur ta ce ya isa haka, a daina dariya, kuskure ne irin na mai koyo, kuma ita ma da laifinta da ba ta yi bayani sosai ba. Ta ce Uwar Biyu ɗalibarta ce mai ƙwazo, mai amana, kuma ko me lissafi ya ce, kununta babu irinsa a Illela. “Ku bari ma mu ɗanɗana, zukata su yi sanyi,” ta ce, ta nufi kular.

Ta ɗaga ƙyallen. Maimakon ta ajiye, sai ta tsaya. Ta ware shi a gaban taga. Duk da ruwan aya ya mayar da shi kalar ƙasa, ’yan furannin bakinsa suna nan, ga kuma wata doguwar yaga a gefe.

Ta ce, a hankali fiye da yadda ni nake magana, “Uwar Biyu, wannan ba mayafina ba ne?”

Shi ne. Ta ara mini shi na je suna Darna Sabon Gari, ƙarfen babur ya kama shi ya yage, kunya ta hana ni mayarwa, na ajiye da niyyar in sayi sabo in kai mata. Sai wata safiya matacina ya huje, aya na jira, na ce bari in gwada sau ɗaya. Ashe duk kasuwa babu abin da ke tace aya kamar mayafin Malama.

Ba wanda ya yi dariya. Ina durƙushe gaban allo, alli a hannu, atamfar biki ta yi fari da ƙura, ina jin kukan akuyar wani daga bayan makaranta ina cewa ina ma ni ce. Sai muryar Lanti ta fito, cikin ladabi sosai:

“Malama, wanga a kayan aiki za a rubuta shi, ko a kayan haɗi?”

Malama ce ta fara fashewa, har ta zauna a kan bencin yara tana share ido da gefen mayafin, ta tuna ko mene ne, ta ajiye da sauri.

Ni aka sa na ƙarasa lissafin, don a cewarsu ni na fi kowa iya rabawa. Kununa ya tashi sama da na Inna Jebbu, ya rage kaɗan ya taɓa farashin da nake sayarwa. Zoɓon Lanti kuwa, da aka sauke masa tiyar da ba tasa ba, ya faɗo ƙasa da ɗari. Da hannuna na zagaye sunanta. A gaban idona aka ɗora firiza a kura aka shiga da ita ƙofar da ke kusa da tawa. Da na isa gida Malam bai tambaye ni komai ba, labari ya riga ni tsallaka katanga. Ya dai ce, “An ce shayina ya yi suna.”

Na saya wa Malama sabon mayafi, na haɗa da tsohon a wanke a goge. Ta karɓi sabon, ta mayar mini da tsohon, ta ce kar in canza, ta saba da ɗanɗanon. Na wanke kula na kai wa Inna Jebbu. Na ƙara kuɗin roba, direbobi suka yi ta mita suna cewa na shiga boko na lalace, amma ba su daina sha ba. Turmin da ke gindin katanga kuma na mirgina shi na mayar ɗakin girki.

Yanzu kullum da safe ta ƙofa nake shiga gidan Lanti, da kuɗina a hannu, in sayi ƙanƙara, in biya kuɗin ajiyar robobina a firiza. Tana karɓa da hannu biyu, tana cewa, “Sannu da zuwa, Malamar tattali.”

Kwanan baya na iske ta zaune ta zuba tagumi, firiza na gurnani a bayanta. Na ce lafiya? Ta nuna mini katangunta. Ta gabas kwano, ta yamma kwano, ga wani ƙaramin bokiti da aka zuro da igiya. Tun da firiza ta shigo, in ji ta, babu gidan da ba a yi zazzaɓi ba. Hajiya Kulu ta ce firjinta ya tsufa. Malama ma takan aiko da fulas, wai na baƙi.

“Na sake lissafi,” ta ce, “zoɓona ya fi fura tsada. Kin san duk unguwar ga wa ka biyan ƙanƙara?”

Na ce, “Wa?”

“Ke. Ke ɗai.”

Na yi shiru irin na Malam. Na miƙa mata kuɗin ranar, na ɗauki ƙanƙarata.

Abin da na koya ke nan, kuma ba a aji aka koya mini ba: in ka ga abin shanka ya fi na kowa araha, kafin ka ɗauki alli, leƙa bayan katanga, akwai wadda ke biya ba ta sani ba. A unguwarmu dai yanzu an san ta. Tana shiga ta ƙofa, tana gaisuwa a hankali, kuma ta iya rabawa.